Yadda Ake Shirya Taron Waƙoƙin Kirsimeti Don Tallafa wa Layin Taimakon Yara

Shekarar farko da muka shirya irin wannan taro, zaure ya cika maƙil har wasu na tsaye a bakin ƙofa. Aka sha waƙa, aka yi tafi, aka watse kowa na sam-barka. Bayan kwana biyu muka zauna lissafi. Da aka cire hayar zaure, da kuɗin masu kayan sauti, da na buga takardu, da na wasu fitilun ado da ni kaina na dage sai an saya, abin da ya rage ya sa muka shiga kallon-kallo, aka rasa wanda zai kai shi. Tun daga ranar na daina auna taron da yawan tafi. Abu biyu nake dubawa: nawa ya isa hannun ƙungiyar da ke gudanar da layin taimakon yara, kuma yara nawa suka koma gida da lambar wayar a aljihu.

Ga wanda bai sani ba, layin taimakon yara lambar waya ce ta kyauta da yaro zai kira ya yi magana da babban mutum wanda aka horar, idan ana dukansa, ko ana cin zarafinsa, ko damuwa ta yi masa yawa ya rasa wanda zai faɗa wa. A Biritaniya, Childline ta soma aiki a 1986 ta hannun Esther Rantzen, mai gabatar da shirye-shiryen talabijin, kuma ta koma ƙarƙashin ƙungiyar kare yara ta NSPCC a 2006. A Indiya lambar ita ce 1098, wadda aka fara da ita a Mumbai a 1996. Tarayyar Turai ta ware 116 111, ƙasashen Afirka da dama kuma, irin su Kenya da Afirka ta Kudu, suna amfani da 116. Yaro ba ya biyan ko sisi, amma akwai mai biya: horar da masu amsa waya, albashin masu sa musu ido, na'urori, aikin dare. Lokacin Kirsimeti kuwa makarantu a rufe suke, malamin da yaro ya saba raɓa ba ya nan, gidan da dama babu zaman lafiya a cikinsa yanzu kowa na ciki wuni guda. Kuɗin da za ka tara, shi zai hana wannan wayar mutuwa.

Abin da za ka tanada

Mutane tukuna. Kana bukatar kwamiti na mutum biyar zuwa shida, kowa da aikinsa a rubuce: shugaba, ma'aji, mai kula da waƙoƙi, mai kula da zaure da kaya, mai talla da tikiti, sai mai kula da lafiyar yara da tsaronsu. Idan ba ku kai haka ba, mutum ɗaya zai iya haɗa aiki biyu, amma ban da biyu: ma'aji kada ya zama shi ne shugaba, mai kula da yara kuma kada a ɗora masa komai a daren taro. A ranar kuma za ka so 'yan sa-kai kamar goma zuwa goma sha biyar, gwargwadon girman wurin.

Kayan sauti: na'urar haɗa sauti, manyan lasifika biyu, ƙarama ɗaya da za ta fuskanci mawaƙa don su ji kansu, makirufo huɗu zuwa shida da sandunansu, batura sababbi fiye da yadda kake zato, wayoyin wuta, da salatif mai ƙarfi na manne wayoyi a ƙasa. Fiyano ko jita. Inda wuta ba ta da tabbas, janareto da mai, a ajiye shi nesa da tagogi.

Kayan kuɗi: tikiti masu lamba a jere, bokitan tara kuɗi masu murfin da ake like wa, ambulan, littafin rasit, takardar ƙirga, da na'urar karɓar kuɗi da kati idan za ta samu.

Saura: takardar jerin shiri, ƙananan katuna masu ɗauke da lambar layin, takardun izinin iyaye, rajistar yara, akwatin agajin farko, tocila uku ko huɗu, da wata alama, ko riga ko ɗamara, da za a gane ma'aikatan taro da ita.

1. Fara da ƙungiyar, wata uku kafin ranar

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buga fosta da sunan ƙungiya da tambarinta, sannan a je a sanar da ita. Ba ka da wannan hurumin. Rubuta musu tun watan Satumba, ka faɗi ko ku su waye, me kuke son yi, yaushe, a ina. Ka roƙi takardar amincewa mai sa hannu, wadda ita za ka nuna wa mai zaure da masu ɗaukar nauyi da duk wanda ya tambaya. Ka tambaye su yadda suke so a rubuta sunansu, ko sun yarda a sa tambarinsu, asusun da za a zuba kuɗin, da kuma ko za su turo wanda zai yi magana. Yawancinsu suna da fosta da katuna da bokitai a ajiye, kyauta.

Ka tabbatar ƙungiyar mai rajista ce. Hanya mai sauƙi ita ce duba jerin mambobin Child Helpline International, gamayyar da aka kafa a 2003 mai hedikwata a Amsterdam, sannan ka duba rajistar ƙungiyoyin agaji ta ƙasarku. Idan babu layi mai aiki a inda kake, nemi ƙungiyar kare yara mai rajista da ke karɓar ƙorafi ta waya, amma kada ka raba wa yara lambar da ba ka tabbatar ana ɗauka ba. Yaron da ya yi ƙarfin hali ya kira sau ɗaya bai samu kowa ba, da wuya ya sake.

A nan ne kuma za ku yanke abin da za ku ce wa jama'a. "Duk kuɗin tikiti zai tafi ga ƙungiyar" daban, "abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya zai tafi" daban. Wanda kuka zaɓa, shi za ku rubuta a kan kowace takarda, kuma shi za ku cika.

2. Lissafi kafin komai

Ɗauki takarda ka raba biyu, shiga da fita. A ɓangaren shiga, kada ka yi lissafi da zaure cike. Idan kujeru 300 ne, yi lissafi da 180. Ni ƙa'idata ita ce ɗawainiyar taron kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin waɗannan tikiti 180 ɗin. In ta wuce, ko a rage kaya, ko a nemo mai biya, ko a koma ƙaramin wuri.

Wajen neman masu ɗaukar nauyi, kada ka je kana cewa "ku taimaka da abin da ya sauwaƙa". Ɗauki abu ɗaya ka kai wa mutum ɗaya: kai ka biya hayar zaure, ke ki buga mana takardu, ku ku ba mu aron kayan sauti da mai sarrafa su. Mutum ya fi sakin hannu idan ya san ainihin abin da ya saya. Ladansu shi ne suna a bayan takardar shiri da godiya daga bakin mai gabatarwa. Sai dai ka nuna wa ƙungiyar jerin sunayen kafin ka buga, don akwai kamfanonin da ƙungiyar yara ba za ta so a jera sunanta da nasu ba, kamar na giya da na caca.

Ka raba kuɗin tikiti da kuɗin kyauta tun daga farko, kowanne da shafinsa. A wasu ƙasashe wannan na da tasiri wajen haraji. A Biritaniya, alal misali, tsarin Gift Aid na ba ƙungiya damar karɓo ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan kyautar mai biyan haraji, amma kuɗin tikiti ba ya ciki. Ko babu irin wannan a ƙasarku, rabawar za ta nuna maka baɗi inda kuɗi ya fi fitowa.

3. Rana da wuri

Makonni biyun farko na Disamba sun fi. Daga 20 ga wata mutane sun yi tafiya, aljihu ya yi sauƙi, mawaƙa kuma na can suna hidimar majami'unsu. Bincika abin da ke faruwa a yankin a ranar da ka zaɓa, kada ku yi karo da wani babban taro. Idan akwai yara a cikin mawaƙa, fara da wuri yadda za a tashi kafin lokacin barcinsu.

Majami'a, zauren makaranta, ko zauren taron unguwa duk sun yi, kuma sau da yawa za su ba da kyauta in ka nuna takardar amincewa. Je da kanka ka gani. Tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya ka saurari yadda amon ke dawowa: wuri mai amsa-kuwwa yana ƙawata waƙar taro amma yana cinye magana. Ƙirga ƙofofin fita ka buɗe kowacce da hannunka, don na sha samun ƙofar gaggawa an jibge kujeru a bayanta. Duba banɗaki, da hanyar mai keken guragu, da soket nawa ke kusa da dandamali. Kana bukatar ɗakuna biyu bayan zauren: na jiran yara, da wani ƙarami mai shiru wanda zan yi bayaninsa a gaba.

Tambayi adadin mutanen da doka ta yarda wurin ya ɗauka, kuma kada ka sayar da tikiti ko ɗaya sama da haka. Kwaɗayin cusa mutane a taron agaji ba yau aka fara ba. Lokacin da aka fara rera Messiah, babbar waƙar addini ta mawaƙi Handel, a birnin Dublin na Ireland ranar 13 ga Afrilu 1742, taron tara kuɗi ne don asibitoci da fursunonin bashi, kuma an roƙi mata su bar ƙarafan buɗa siket a gida, maza su bar takubbansu, don wuri ya ƙara ɗauka. Daga 1750 kuma Handel ya riƙa gabatar da shi duk shekara don gidan yaran da aka yasar a Landan. Su sun rage faɗin tufafi ne, ba su toshe ƙofa ba.

Kafin ka bar wurin, samu amsar tambaya uku a rubuce: inshorar wurin ta rufe taronku ko sai kun yi taku, wurin na da lasisin kiɗa da waƙa, kuma ana bukatar izinin hukuma kafin a zagaya da bokiti. Dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yawanci tara kuɗi a kan titi ya fi na cikin zaure tsauri.

4. Mawaƙa da jerin waƙoƙi

Ba sai da tauraro ba. Ƙungiyar mawaƙa ɗaya ta manya, ɗaya ta yara, mai waƙa shi kaɗai guda biyu, da mai karatu mai daɗin murya sun isa. Wani sirri da kowa ya sani amma ba a faɗa: ƙungiyar yara ita ke sayar da tikiti, domin kowane yaro na zuwa da uwa da uba da kaka da goggo.

Tsawon taron kada ya wuce minti 90, ban da hutun minti 15 zuwa 20 a tsakiya. Ba kowa mintinsa a rubuce, sannan ka ƙara minti biyu tsakanin kowace fita, don hawa da saukar mutum talatin ba ƙiftawar ido ba ne. Wanda ya ce maka waƙarsa minti huɗu ce, rubuta shida. Buɗe da waƙar da kowa ya sani a tsaye, don masu makara su shige ba a lura ba. Sa yara a kashin farko tun ba su gaji ba, amma ka dawo da su a waƙar rufewa, in ba haka ba iyaye za su kwashe su lokacin hutu ka wayi gari rabin zaure babu kowa. Kada ka jera waƙoƙi masu sanyi uku a jere.

Batun haƙƙin mallaka: tsofaffin waƙoƙin Kirsimeti da yawa sun zama na kowa, domin a ƙasashe da dama haƙƙin na ƙarewa shekara 50 ko 70 bayan rasuwar mai shi. Amma sabon tsarin muryoyi da wani ya yi wa tsohuwar waƙa nasa ne, haka ma sababbin waƙoƙi. Kasancewar taron na agaji bai ɗauke muku biyan lasisi ba kai tsaye, kuma kwafar takardun waƙa da inji ba izini laifi ne. Idan za ku haska taron ta intanet, wannan wani izinin ne daban, kuma Facebook ko YouTube na iya kashe muku sauti ana tsakiyar waƙa.

In babu fiyano kada hankalinka ya tashi. Shahararriyar waƙar Kirsimetin nan Silent Night da kanta, da jita aka fara rera ta a daren jajibirin Kirsimeti na 1818 a garin Oberndorf na Ostiriya.

5. Kare yaran da ke wurin

Nan ne ba na sassauci, don abin kunya ne a tara kuɗin kare yara a taron da bai kare nasa yaran ba.

Kowane yaro mai waƙa sai da takardar izinin iyaye: sunansa, lambar wanda za a kira, rashin lafiyar da ya kamata a sani, wanda zai zo ɗaukarsa, da ko an yarda a ɗauki hotonsa. A yi rajista lokacin shiga, a yi lokacin fita, kuma ba a miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya takarda, ko da yaron ya ruga ya rungume shi. Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro: kullum biyu, ƙofa a buɗe. Ɗakin jiran yara ba wurin zaman manyan mawaƙa ba ne. Inda doka ta tanadi a binciki tarihin masu aiki da yara, fara da wuri don yana ɗaukar makonni; in lokaci ya ƙure, ɗauki malaman makarantar yaran waɗanda an riga an tantance su. A takardar shiri rubuta sunan ƙungiyar yaran kawai, ko sunan farko, ban da cikakken suna.

Kada ka taɓa hawar da yaron da ya yi amfani da layin kan dandamali ya ba da labarinsa. Za a samu mai kawo shawarar, zai ce abin zai taɓa zuciya, kuɗi zai zubo. Zai zubo ɗin, amma yaron ne zai ci gaba da zama a unguwar bayan kowa ya san sirrinsa, kuma duk yaron da ke zaune yana sauraro zai fahimci cewa abin da aka faɗa a waya yana iya fitowa fili. Ƙarfin layin gaba ɗaya a sirri yake. Idan kuna son labari, ƙungiyar na da waɗanda ta sauya musu suna da kamanni, babba ya karanta.

Sai abin da sababbi ba sa tsammani. Idan aka yi maganar cin zarafi a gaban mutum ɗari biyu, akwai yiwuwar wani a cikinsu abin ya taɓa shi kai tsaye, yaro ko babban da ya daɗe yana haɗiye nasa. Amfanin ɗakin nan mai shiru ke nan: kujeru, ruwa, hankici, da mutum biyu masu natsuwa kusa. Tara 'yan sa-kai kafin a buɗe ƙofa ka gaya musu abin yi idan yaro ya faɗa musu wani abu. Su saurara, kada su nuna firgita. Su ce masa ya yi daidai da ya faɗa. Kada su yi masa alkawarin ba za su gaya wa kowa ba, su ce za su gaya wa wanda zai iya taimako ne kawai. Kada su tsare shi da tambayoyi ko su sa masa magana a baki. Su rubuta abin da ya ce da kalmominsa, da rana da lokaci, su kai wa mai kula da yara nan take. Kada kowa ya tunkari wanda ake zargi. In yaron na cikin haɗari a wannan daren, 'yan sanda ko lambar gaggawa ake kira, ba a jira gari ya waye.

Yanzu katunan. Ƙanana, daidai aljihu, lamba da manyan baƙaƙe da jimla ɗaya. A ba kowa a bakin ƙofa, yaro da babba, kada a ajiye a tebur a ce mai so ya ɗauka, don yaron da ya fi bukata shi ne ba zai miƙa hannu ba a gaban wanda ya kawo shi. Manna lambar a bayan ƙofar kowane banɗaki, inda mutum ke shi kaɗai. Kuma ka bambanta lambar yara da lambar ofishin karɓar gudummawa. Wata shekara mun buga katuna ɗari huɗu da lambar ofis, wadda ba a ɗauka bayan ƙarfe biyar. Wata 'yar sa-kai ce ta lura ana saura kwana biyu, muka kwana muna sake yankan takarda. Tun daga nan mutum uku ke duba lambar, ɗaya na karantawa da ƙarfi daga wasiƙar ƙungiyar. Ka kuma gargaɗi jama'a kada su kira layin yara don ba da kuɗi ko don gwaji, suna tare wa wani hanya.

6. Tikiti da talla

Fara sayarwa saura mako shida. Raba tikiti ga mawaƙa da lambobinsu a rubuce, ka sa ranar dawo da kuɗi ko saura, mako guda kafin taro. Yi farashin iyali, ka kuma ware wasu kujeru kyauta ba tare da shela ba. Fosta ta ɗauki abu biyar: me, yaushe, ina, nawa, don wa. Hoton yaro mai hawaye kada ya hau ta. Sanarwa a majami'u da makarantu da gidan rediyon yanki ta fi tallan da za ka biya, saƙon waya daga wanda mutum ya sani kuma ya fi duka.

Idan ba ku da hanyar sayar da tikiti, yi shiga kyauta da tara kuɗi a ciki, amma a ba da katin shiga don ku san adadi.

7. Roƙon gudummawa

Minti uku zuwa huɗu, mutum ɗaya, sau ɗaya. Ni na fi son a yi shi dab da hutu, bayan yara sun gama waƙa, domin zuciya ta yi laushi kuma mutane za su tashi su wuce ta gaban bokiti. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya bar shi sai ƙarshe, da masu neman takalmi da makullin mota zai yi magana.

Mai roƙon ya faɗi abin da layin ke yi, abin da kuɗi ke saya, da yadda za a bayar yanzu-yanzu. Alƙaluma daga ƙungiyar kawai za su fito, kada ya ƙago ko ya ƙara gishiri. Ya tuna akwai ƙananan yara a zaure, ba wurin zayyana ta'asa ba ne. Ya juya ga yaran ya faɗa musu lambar sau biyu, a hankali. Ka karanta jawabin kafin ranar. Manyan baƙi kuwa, a gaishe su daga bakin mai gabatarwa ya wadatar. Ka miƙa wa ɗaya makirufo, ka yi sallama da jadawalinka.

Ba kowa ke yawo da tsabar kuɗi ba, don haka sa lambar QR, wadda ake ɗauka da kyamarar waya, ko bayanin asusun ƙungiyar a takardar shiri. Asusun ƙungiyar, ba na wani ɗan kwamiti ba, komai amanarsa.

8. Bita da gwajin sauti

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yi cikakkiyar bita a ainihin wurin, ko da sau ɗaya, har da hawa da sauka da inda kowa zai tsaya. Manna salatif a ƙasa ya nuna layuka.

Manyan lasifika su kasance gaba da makirufo, ta wajen jama'a. Ƙarar nan mai tsinka kunne tana tashi ne idan makirufo ya ji abin da lasifika ke fitarwa ya sake mayar mata. In ta taso, rage sauti, kada mai waƙa ya rufe kan makirufo da tafin hannu, ƙara ta yake yi. Ƙungiyar mawaƙa ba ta bukatar makirufo goma. Biyu sun isa, a ɗaga su sama da kai, taku biyu ko uku a gaba, suna kallon layin baya. In ka sa su ƙasa, muryar mutum biyun da ke gaba kaɗai za a ji, kuma ba lallai su ne gwanayen ba. Tura wani kujerar ƙarshe ya saurari magana, ba waƙa kawai ba. Zaure cike yana shanye sauti fiye da wanda babu kowa, don haka mai na'ura ya zauna a shirye ya ƙara kaɗan.

In babu kayan sauti sam, zaɓi ƙaramin wuri mai amo, ka samo makirufo ɗaya don mai magana. Kyandir mai wuta a hannun yara kuwa, a'a. Akwai na batir.

9. Daren taro

Ku iso awa uku kafin lokaci. Zagaya ƙofofin fita, manne wayoyi, gwada na'urar kati a inda za a yi amfani da ita don sabis na iya ɗaukewa a cikin gini. Tara kowa minti 45 kafin buɗe ƙofa, kowa ya san wurinsa da wanda zai kira. Mutum ɗaya ya riƙe agogo da jadawali a gefen dandamali, maganarsa ce ta ƙarshe. Mai gabatarwa ya fara da nuna ƙofofin fita da faɗin ƙa'idar hoto. Ku fara a kan lokaci ko da kujerun gaba ba su cika ba.

Masu bokiti su tsaya bibbiyu a kowace ƙofa lokacin hutu da lokacin tashi, da murmushi, ba tare da tare hanya ba. Kowane bokiti da lambarsa da sunan mai riƙe da shi. Yaro ba ya riƙe bokiti shi kaɗai.

10. Ƙirga, miƙawa, godiya

A ƙirga a daren, a ɗaki rufe, mutum biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba, kowane bokiti daban, su sa hannu dukansu. Kada a zari kuɗi daga bokiti a biya mai mota ko mai sauti, ko da za a mayar. Duk abin da za a biya ya bi ta hannun ma'aji da rasit. Ba don ana zargin kowa ba ne, don kada gobe a samu bakin zargin ne. A kai banki ranar aiki ta farko, kuɗin kada ya yi Kirsimeti a gidan kowa.

Tura wa ƙungiyar kuɗin cikin mako biyu tare da taƙaitaccen lissafi, ka karɓi rasit. Sannan ka sanar da jama'a ta hanyoyin da ka yi talla: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da aka miƙa, da hoton rasit ɗin. Rubuta wa mai zaure da masu ɗaukar nauyi da shugabannin mawaƙa godiya da adadin a ciki, yaran kuma a aika musu tasu wasiƙar a karanta musu. Takardun izinin iyaye a lalata su idan amfaninsu ya ƙare, rahoton duk abin da wani yaro ya faɗa kuma ya tafi inda ya dace, kada ya kwana a jakar kowa.

Kafin sabuwar shekara ku zauna awa ɗaya, ku rubuta abin da ya yi da abin da ya ƙi tun ba a manta ba, ku kama zauren baɗi. Katunan da suka rage kada a zuba su a kwali: kai su makarantun da yaran suka fito, a raba ranar da aka koma aji.